Salansar bindiga a Amurka: da sunana zan yi mata rajista, ko da sunan amana?

Tambaya: Ni ɗan Kano ne mazaunin Hustan a jihar Teksas, shekarata 19 a nan, kuma na karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Nakan fita farautar barewa lokacin sanyi, yanzu kunnena ya fara yi mini ƙara, shi ya sa nake son sayen salansar bindiga. Mai kanti ya tambaye ni ko da sunana za a yi rajistar ko da sunan amana. Ina da mata, da ɗa mai shekara 23 da muke fita tare, da 'yan mata biyu ƙanana, sai ƙanena da ya zo karatu yana zaune a gidana. Mene ne amfanin wannan amanar? Ko dai wata hanyar cin kuɗi ce?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa kunne lafiya. Kafin komai, ka je likitan kunne ya auna jinka, domin ƙarar da ta fara zama a kunne ba kasafai take tafiya ba. Harbin bindigar farauta yakan haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, iyakar da ake cewa ƙara guda ɗaya ma tana iya lalata ji. Salansa tana rage abin da ya kai desibel 20 zuwa 35 ne kawai, ba ta mayar da harbi raɗa, don haka ko ka saye ta kada ka ajiye abin toshe kunne.

A gida irin naka, shawarata ka yi amanar, wato takardar shari'a da ke ba mutum fiye da ɗaya hurumin riƙe kayan. Aikina a nan ƙasar shi ne rubuta wasiyya da tsara yadda dukiya za ta bi bayan rai, kuma da zarar na ji an ce akwai ɗa baligi da ake fita daji tare, ga uwargida a gida, ga ƙani, na san rajista da sunan mutum ɗaya za ta matse ku. Sai dai amfanin da akasari ake tallata amanar da shi ya ƙare tun shekarar 2016. Gara ka san wanda ya rage, domin shi ne na gaske.

Tushen maganar dokar tarayya ce ta 1934, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu bayan shekarun da gungun masu fasa-ƙwaurin giya suka riƙa ɓarin wuta a birane irin su Shikago. Majalisa ba ta haramta makaman kai tsaye ba, sai ta bi ta hanyar haraji: duk wanda zai ƙera ko ya karɓi ɗaya daga cikinsu sai ya yi rajista, ya biya dala 200, a manna masa kan sarki a takardarsa. Dala 200 ta wancan zamani ta haura dala 4,000 a kuɗin yau, ka ga manufar a fili take. Abubuwan da dokar take kamawa a yau su ne bindiga mai sarrafa kanta, da raifil da bututunsa bai kai inci 16 ba, da bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin harsashi da bututunta bai kai inci 18 ba, da salansa, da manyan makamai masu fashewa, da wani rukuni na ƙananan bindigogin da ake ɓoyewa cikin sanda ko alƙalami. Hukumar ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ita ce ke riƙe da kundin rajistar. Raifil ɗinka na farauta ba ya cikin wannan kundi, salansar ce za ta shiga.

To ga inda gizo ke saƙar. Kowace salansa tana da lamba, kuma lambar tana ɗaure da mai ita guda ɗaya a kundin. Idan ta koma hannun wani ba tare da amincewar hukuma ba, ko da aro ne, doka tana kallon hakan a matsayin miƙa makami ba bisa ƙa'ida ba. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar da za ta iya kaiwa dala 250,000, sannan a ƙwace kayan. Muddin kana tsaye a wurin, ɗanka na iya harbi da ita, wannan ba a jayayya a kansa. Amma ka ɗauka ka tafi Kano hutun ƙarshen shekara, lokacin farauta bai rufe ba, yaron ya buɗe akwatin ƙarfe ranar Asabar da asuba, ya ɗaura salansar a raifil ya nufi daji. A gidajenmu abin uba abin ɗa ne, babu wanda zai ga laifinsa. A idon dokar tarayya kuwa, yana riƙe da makamin da ba a yi masa rajista da sunansa ba, kai kuma ka ba shi dama.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Kotunan nan ba sa tsayawa kan wanda abu ke hannunsa kaɗai, suna duban wanda ke da iko da shi da niyyar sarrafa shi. Uwargida da ta san lambar buɗe akwatin, tana buɗewa ta ɗauki fasfo ko gwal ɗinta alhali kana wata ƙasa, ana iya kafa mata hujjar cewa salansar tana ƙarƙashin ikonta. Gaskiya ba kasafai ake gurfanar da matan aure kan wannan kaɗai ba, ba zan tsorata ka da abin da ba ya yawan faruwa ba. Amma irin wannan magana takan taso ne ranar da wani abu dabam ya kawo 'yan sanda gida, gobara ko sata ko rigimar maƙwabta, kuma ranar ba ranar neman bayani ba ce.

Amanar da mai kantin yake nufi takarda ce ta shari'a. Kai ne mai kafa ta: ka ware wata dukiya ka ce daga yau tana ƙarƙashin wannan yarjejeniya. Sai ka naɗa amintattu, su ne masu riƙe dukiyar da sarrafa ta bisa sharuɗɗan da ka rubuta, kuma kai ma kana cikinsu. Sai ka ambaci masu cin moriya, waɗanda dukiyar za ta koma gare su a ƙarshe. Sai kuma wanda zai karɓi ragama idan ka rasu ko ka kasa. Wasu 'yan'uwa sukan tambaye ni ko waƙafi ne. Suna kama ta fuskar cewa wani ke riƙe abu don amfanin wani, amma waƙafi idan ka yi shi ya fita daga mulkinka har abada, ita kuwa irin amanar da aka saba yi wa bindigogi kana da ikon gyara ta, ka ƙara amintacce, ka cire wani, ko ka warware ta gaba ɗaya muddin kana raye da hankalinka. Abin da ya sa take aiki a nan shi ne ƙa'idojin ATF sun lissafa amana cikin waɗanda za su iya zama mai makami a kundin. Sunan amanar ne zai hau rajista, kuma kowane amintacce yana da hurumin riƙe kayan.

Saboda haka idan ɗanka amintacce ne, fitarsa ta ranar Asabar halal ce a doka. Ya ɗauki kwafin takardar amincewar hukuma da kwafin amanar, ko a wayarsa ne, ya tafi. Idan uwargida amintacciya ce, sanin lambar akwati bai zama abin tuhuma ba. Wannan shi ne amfani na farko, kuma a wurin yawancin mutane shi kaɗai ya isa dalili.

Na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi, domin shi nake gani a ofis. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini wata biyu bayan rasuwar mijinta, da jakar leda cike da takardu. A ciki akwai fom guda biyu masu kan sarki, da ba ta san na mene ne ba. Ta ce ƙanin mamacin ya zo ya kwashe bindigogin ya kai gidansa a wata jiha, wai don kada yara su taɓa. Niyyarsa mai kyau ce. Amma cikin abin da ya kwasa har da salansa da gajeren raifil, duka da sunan mamacin, kuma shi ba shi kotu ta naɗa mai kula da gadon ba. Na ga yadda hannunta ya riƙa rawa lokacin da nake yi mata bayani. An warware matsalar, amma sai da aka ci watanni da kuɗin lauyoyi biyu, a lokacin da ya kamata a bar ta da takabarta.

Don adalci, dokar ba ta bar magadan mai rajistar kansa a rana ba. Wanda kotu ta naɗa ya kula da gado yana da izinin riƙe irin waɗannan makamai har a gama rabo, kuma magaji yana karɓa ta fom mai lamba 5 ba tare da biyan haraji ba. Matsalar tana tsakanin ranar rasuwa da ranar da kotu za ta naɗa mutumin, wanda kan ɗauki makonni, da kuma cewa yawancin iyalai ba su ma san akwai wata ƙa'ida ta daban ba. Da amana, mai makamin a kundin bai mutu ba. Amintattun da suka rage suna ci gaba da riƙo tun daga daren farko, kuma takardar da kanta tana gaya musu abin da za su yi da abin da ba za su yi ba. Kayan amana ba sa bi ta kotun rabon gado, wadda takardunta a buɗe suke ga jama'a. Ba ƙaramin abu ba ne a ce jerin bindigogin gidan da babu maigida bai shiga fayil ɗin da kowa zai iya nema ba. Sannan 'yan matanka ƙanana: amana tana iya riƙe rabonsu har su kai shekarun da ka ƙayyade, kuma kana iya ba amintacce ikon ya duba, idan yarinya ba ta so ko ba ta dace da riƙe makami ba, ya sayar ya ba ta kuɗin.

Nan ne maganar ta haɗu da rabon gado na Musulunci, wanda na san za ka tambaya. Salansa ba ta rabuwa kashi takwas. Kuma idan mahaifiyarka tana raye a Kano tana da sudusinta, amma ba yadda za a yi a aika mata da ƙarfen. Fitar da shi daga Amurka sai da lasisin gwamnatin tarayya, a Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga kan lasisi, wasu daga shugaban ƙasa, wasu daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Hanyar da ta fi tsafta ita ce amanar ta ce a yi wa kayan kuɗi, wanda ya cancanta a doka cikin magada ya ɗauka a lissafa cikin rabonsa, ko a sayar ta hannun dillali mai lasisi a zuba kuɗin cikin sauran dukiya. Ina ba da shawara a rubuta yadda za a fitar da kason kowa dalla-dalla, domin alƙalan nan suna gudun fassara hukuncin addini, kuma jimla ɗaya da ta ce a raba bisa shari'a tana iya jawo gardama. Ka tuna kuma Teksas tana cikin jihohin da ke ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin na miji da mata tare, don haka abin da ka saya da albashinka, a dokar jihar rabinsa nata ne tun kafin a zo maganar tumuni. A fahimtata, tunda kana iya warware amanar duk lokacin da ka so, kayan cikinta dukiyarka ce da gado zai hau kanta, amma wannan ɓangaren ka zauna da malaminka da lauyanka a tebur ɗaya.

Akwai kuma halin da mutum yana raye amma ba zai iya riƙe makami ba. Tsufa da ruɗewa, shanyewar jiki, ko kotu ta yanke cewa hankalinsa ya taɓu. Haka nan umarnin kotu na nisantar iyali saboda rikicin cikin gida yana hana mutum riƙe bindiga muddin umarnin yana aiki, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Rahimi ta 2024. Mai rajista da sunansa idan ya faɗa cikin ɗayan waɗannan, kayan sun maƙale: shi ba zai riƙe ba, wani ba zai karɓa ba sai da sabuwar amincewa. Amanar da aka rubuta da kyau tana sauke irin wannan amintacce nan take, sauran su kwashe kayan su kai inda ba zai iya kaiwa gare su ba.

Yanzu abin da za ka ji a bakin mutane wanda ya tsufa. Kafin 2016, mai neman rajista da sunansa sai ya sami sa hannun shugaban 'yan sandan yankinsa, kuma da yawa cikinsu sukan ƙi sa hannu ba tare da ba da dalili ba. Amana kuwa ba ta buƙatar sa hannun, ba ta buƙatar hoto ko zanen yatsu. Shi ya sa mutane suka yi tururuwa gare ta. Ƙa'idar da ake kira 41F, wadda ta fara aiki ranar 13 ga Yuli, 2016, ta rufe wannan bambanci ta ɓangarori biyu. Ta soke neman sa hannun, ta maye gurbinsa da sanar da shugaban 'yan sandan kawai. Ta kuma ce duk mai iko da kayan amana, wato kai da kowane amintacce, sai ya cike fom mai lamba 5320.23, ya ba da hoto da zanen yatsu, a binciki tarihinsa duk lokacin da amanar za ta sayi sabon abu. Kwafin amanar ma ana aika wa hukumar. Duk wanda ya ce maka amana tana ɓoye ka daga gwamnati ko tana tsallake bincike, labarin kafin 2016 yake ba ka. Ni kuwa ina ganin gyaran ya yi daidai. Illarsa a gare ka ita ce ƙarin wahala: mutum uku a amana, bincike uku ke nan, kuma idan sunan ɗaya ya yi kama da na wani mai laifi, takardar duka za ta jira shi.

Sai ƙanenka, kuma a nan ina roƙonka ka saurare ni da kyau. Kada ka sa shi cikin amintattu. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta ziyara, riƙe bindiga ko harsashi, in ban da 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, ba ya cikin wannan hani, ɗalibi yana ciki. Amana ba ta halatta wa kowa abin da doka ta haramta masa, kuma wannan ya haɗa da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi ko kan dukan iyali, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Ga ɗalibi, kuskure a nan yana iya cinye karatun da bizar gaba ɗaya. Wannan ya shafi raifil ɗin da kake da shi tun yanzu, ba salansar kaɗai ba. Kada ya san lambar akwati, kada makulli ya kwana inda zai gani. Na san da nauyi a ce wa ɗan'uwa na jini akwai abin da aka kulle masa a gidan yayansa. Ka zaunar da shi ka gaya masa dalili, kare shi kake yi.

Haka nan amana ba ta karya dokar jiha. Teksas ta yarda da salansa, kamar yadda jihohi 42 suka yarda, amma Kalifoniya, Niyu Yok, Niyu Jasi, Ilinoi, Masachuset, Rod Ailan, Delawe da Hawayi sun hana, haka ma birnin Washintan. Idan ɗanka ya sami aiki a ɗaya daga cikinsu, zamansa amintacce bai ba shi damar tafiya da ita ba. Gajeren raifil kuwa, ko zuwa jihar da ta yarda da shi ne, sai an nemi izinin hukuma a rubuce kafin a tsallaka iyaka da shi. Kuma amana ba ta buɗe ƙofar sabuwar bindiga mai sarrafa kanta: tun 19 ga Mayu, 1986 aka rufe rajistarsu ga farar hula, tsofaffin da suka rage kuma ana sayar da su dubun-dubatar daloli.

Batun kuɗi ya sauya. Dokar haraji da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta mayar da harajin dala 200 zuwa sifili kan salansa da gajerun bindigogi daga 1 ga Janairu, 2026, ta bar shi kan masu sarrafa kansu da masu fashewa. Ba ta soke rajista ko bincike ba. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, a da wanda ya fara da sunansa sannan ya so mayar da kayan cikin amana sai ya sake biyan dala 200 kan kowane ɗaya, yanzu sai dai sabon fom mai lamba 4 da sabon jira. Don haka mutumin da yake zaune shi kaɗai, babu wanda zai taɓa kayansa, yana iya farawa da sunansa hankali kwance. Kai da kake da ɗa mai fita daji, ban ga dalilin yin aiki biyu ba.

Game da ko hanyar cin kuɗi ce: akwai masu sayar da takardar amana ta gama-gari a intanet da araha, wasu kantunan ma suna haɗa ta da cinikin. Ga wanda bukatarsa ɗaya ce, ya raba riƙo da mutum ɗaya, sau da yawa tana wadatarwa. Amma na sha karanta irinsu na ga an sa mutum ɗaya shi ne amintacce shi kaɗai kuma shi ne mai cin moriya shi kaɗai, wanda a ƙa'idar amana yana rushe ta, ka ga an yi wa makami rajista da sunan abin da babu shi. Na ga waɗanda ba su ce komai ba kan saki, alhali matar da aka rabu da ita tana nan a matsayin amintacciya har sai an cire ta a rubuce. Babu kuma wadda na taɓa gani ta yi tanadin magaji da ke wata ƙasa. Lauyan da ya san dokar Teksas da dokar makamai zai caje ka 'yan ɗaruruwan daloli, sau ɗaya. Wasu sukan yi rajistar da sunan kamfani maimakon amana, amma kamfani sai an shigar da shi a ofishin jiha ana sabunta takardunsa, ranar da aka yi sakaci ya mutu kayan sun rasa mai su. Kada kuma ka zuba salansar cikin amanar da ka yi wa gida da asusun banki, domin duk amintaccen can zai zama sai an bincike shi, kuma takardar dukiyarka duka za ta tafi hukumar.

Idan za ka je wurin lauyan, ka tafi da sunayen waɗanda kake son naɗawa da matsayin kowannensu a dokar shige da fice, ka kuma tambayi uwargida tukuna ko tana so, domin amintacce yana ɗaukar alhaki, ba suna kawai ake ara ba. Ka zaɓa wa amanar gajeren suna, saboda idan wata rana ka nemi izinin gajarta raifil da kanka ta fom mai lamba 1, sunan amanar da garinku za a zana a jikin ƙarfen. A sa hannu gaban mai hatimin shaida kafin ka koma kanti, domin amanar sai ta wanzu kafin a cike fom da sunanta. Ainihin takardar da takardar amincewar hukuma ka ajiye su inda uwargida da ɗanka suka sani, dabam da akwatin bindigogin, shi kuma akwatin a sami mai nauyi da ake ɗaurewa da ƙasa, tunda akwai 'yan mata ƙanana a gidan.